Alhaji, kar ka zuba miliyan ɗinka cikin durom-durom na isansi

Wani ɗan kasuwa nan Maraɗi ya aiko mini da tambaya, ya ce shekara da shekaru yana harkar ruwa-ruwa, wato saida isansin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, yana da yara uku masu tebur bakin hanyar Ɗan Isa, amma yanzu ribar ta mutu. Ya tara sefa miliyan ɗaya, yana son ya sayi durom goma na isansi ya aje a gida ya jira ranar da mai zai yi wuya kamar watan Maris na 2025, sai ya fiddo ya saida da tsada. Shin ya yi ko kar ya yi?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amsata kar ka yi, kuma wallahi ba don in kashe maka gwiwa na faɗa ba, na san abin da wannan sana'a ta ciyar a garin nan, gidaje nawa ta riƙe, aure nawa aka yi da kuɗinta. Amma bari mu koma baya mu ga ribar da ka saba ci daga ina take fitowa.

Ribar ruwa-ruwa gwamnatin Najeriya ce ke biyanta ba tare da ta yi niyya ba. Tallafin mai ne. A farkon 2012 Jonathan ya cire shi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta ɗau zafi har aka dawo da ita 97. A 2016 zamanin Buhari ta koma 145. Har farkon 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, alhali mu nan shekaru muna sayen ta sefa 540 a gidan mai, to in ka canza kuɗin za ka ga na Jibiya, can tsallaken iyaka a Najeriya, bai kai ko rabin namu ba, shi ya sa yaro zai ɗauro jarka shida bisa babur ya biyo daji, ya sallami na hanya, ya saida ƙasa da gidan mai, kuma duk da haka a samu na cefane har da na adashe. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Cikin kwanaki lita ta kai wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1000. Su kansu hukumomin mai na Najeriya da suke cewa ƙasar na shan sama da lita miliyan 60 a rana, bayan cire tallafi lissafinsu ya sauko ƙasa da miliyan 50. Wani ɓangare na wannan gibin mu ne, mu da Benin da Kamaru, man da ake rubutawa an sha a Katsina ashe a Maraɗi aka ƙone shi.

To da wannan ƙofa ta ƙuntata sai kowa ya koma gidan mai, ɗan kabu-kabu, mai adaidaita, mai injin ban-ruwa a fadama, mai janareta. Ga shi a Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta sauke isansi zuwa sefa 499, dala ɗari ba tamma ɗaya ke nan, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011 ganga dubu 20 take iya tacewa a rana, an gina ta ne lokacin da rabin gari na shan man bakin hanya. Nauyi ya yi mata yawa, shi ne layin da ka gani a Maris 2025.

Yanzu ga lissafinka. Durom goma lita 2000 ke nan, a kan 499 kuɗin ya kama 998,000, ka ga miliyan ɗin ya tafi kaf ba ka ma sayi durom ɗin ba. Sannan ka zauna jiran ranar da ba ka san ta ba. Farashin mai a Nijar ba kasuwa ke yanka shi ba kamar gero ko wake da kake cewa in saya da kaka in saida da bazara, gwamnati ke yankawa, SONIDEP, kamfanin mai na gwamnati, ke rabawa, kuma tana iya barinsa wuri ɗaya shekaru kamar yadda 540 ta daɗe. Wahalar mai in ta zo ta 'yan makonni ce, tankoki na shigowa farashin bakin hanya ya faɗo, kuma daidai wannan lokacin ne hukuma ke buɗe ido a kan masu ɓoye mai, a kwashe kayan a ci ka tara. Kenan ranar da kake jira don ka ci riba ita ce ranar da aka fi neman irinka.

Kuma isansi ba ya jira. Ka san zafin Afrilu a nan, ka buɗe jarkar da ta kwana biyu a rana ka ji yadda take huci, wannan hucin kuɗinka ne ke tashi sama. Bayan 'yan watanni man ya canza launi, ɗan kabu-kabu ya zuba babur ya riƙa shaƙewa, gobe ba zai dawo teburinka ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuma shi ne gidan. Lita 2000 a ɗakin da ke jikin madafa, uwargida na hura gawayi, yara na wasa a tsakar gida. Ba mu manta tankar da ta kama wuta kusa da filin jirgin Yamai a watan Mayu 2019 ba, mutum sama da 50 suka rasu. Don Allah Alhaji ka cire wannan daga ranka.

Abin da nake ganin ya fi, ka dubi su wa ke tsayawa a teburinka. Masu babur ne. Isansi kaɗai suke saye wurinka amma kullum suna bukatar baƙin mai, fulogi, sarƙa, tayoyi da tib, takalmin birki. Waɗannan kaya ba sa tashi sama, ba mai yanka maka farashinsu, kuma hanyar Katsina da Kano da ka sani kamar tafin hannunka ita ce hanyar sarinsu, sai dai wannan karon ka bi ta duwan da takardarka. Ka fara da jikka ɗari huɗu ko biyar, ka kama ƙaramin shago wurin da teburinka mafi ciniki yake, ka samu bakanike ɗaya ya zauna gefenka. Sauran kuɗin ka riƙe su a hannu, kar ka taɓa sai ka ga wane kaya ke fita da sauri.

Teburan kuma ban ce ka tashe su yau ba, yaran nan da su suke ci. Amma ka sa kowane ya riƙa rubutawa a littafi har wata ɗaya, lita nawa ya karɓa, nawa ka saye ta bayan ka canza naira a farashin ranar, kuɗin ɗauko, abin da aka bayar a hanya, abin da ya zube. In wata ya cika ka aiko mini da littafin mu duba tare, teburin da bai fidda abincin yaron da ke kansa ba sai ka maida yaron shagon.