Dalilin da Ya Sa 'Ya'yanmu na Bronx Suke Ɗokin Watan Yuli

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan iyali suna lafiya, damina kuma tana tafiya yadda ake so. Ka tambaye ni abin da ya sa yaran gidan nan ba su da wata hira a watan Yuli sai ta wasan sanda da ƙwallo da ake kira besbol, har ka nuna damuwa ko sun juya wa ƙwallon ƙafa baya, ko ma sun fara juya wa al'adarmu baya. Tambayar ta cancanci cikakkiyar amsa, domin mu ma iyayensu mun daɗe muna tattauna ta a ƙofar masallaci kafin mu fahimci abin da ke ciki.

Dole in fara da wurin da muke zaune. Filin ƙungiyar besbol ta Yankees yana nan cikin Bronx, wani yanki na birnin New York a Amurka, a kan titi na 161, kuma Hausawa da yawa, na Nijeriya da na Nijar da mutanen zangon Gana, suna zaune a unguwannin da ba su wuce 'yan tashoshin jirgin ƙasa daga filin ba. Maƙwabtanmu na kusa mutanen Jamhuriyar Dominika ne da na Puerto Rico, waɗanda da wannan wasa suka buɗe ido. Ana rufe makarantu a ƙarshen Yuni, ba a komawa sai Satumba, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas, saboda haka lokacin da kuke tsakiyar noma mu muna tsakiyar zafi, yara kuma suna waje tare da 'ya'yan maƙwabta. Wasan kansa ba shi da wuyar bayani: kowane ɓangare mutum tara ne, mai jifa yana wurgo ƙwallo da gudun da kan wuce kilomita 150 a awa, mai sanda yana ƙoƙarin buga ta ya zagaya zango huɗu ya dawo gida, ana kuma yin turmi tara. Idan ya buga ta ta tsallake katangar fili, ya ci kai tsaye. Ƙungiyoyi 30 ne a manyan rukunai biyu, kowace tana buga wasa 162 a shekara, a tsakiyar Yuli kuma sai a dakata a zaɓo gwanayen rukunin American League su kara da na National League, kamar yadda za a ware zaratan Kudu da na Arewa a gidan dambe. Shi ne Wasan Taurari.

An fara shi ranar 6 ga Yulin 1933 a filin Comiskey da ke Shikago, bisa shawarar Arch Ward, editan wasanni na jaridar Chicago Tribune, a lokacin da birnin yake karɓar baƙin babban bajekolin duniya, talauci kuma ya yi wa Amurka katutu. Babe Ruth, yana da shekara 38, shi ya fara tsallake katanga da ƙwallo a tarihin wasan, ɓangarensa ya ci 4 da 2. Shekarar da ta biyo baya, mai jifa Carl Hubbell ya fitar da manyan masu sanda biyar a jere ba tare da ko ɗaya ya buga ƙwallon cikin fili ba: Ruth da Gehrig da Foxx da Simmons da Cronin. Yaro ɗan shekara goma a unguwarmu zai iya jero maka waɗannan sunaye.

Amma ranar da mu manya muka fi riƙewa ba ta Wasan Taurari ba ce. Ranar 4 ga Yulin 1939 ce, ranar bikin 'yancin kan Amurka, a tsohon filin Yankees. Lou Gehrig ɗan baƙin haure ne, iyayensa daga Jamus suka zo, mahaifiyarsa da aikatau da girki ta rene shi, ya kuma buga wasa 2,130 a jere bai taɓa fashi ba. Sai wata cuta mai kashe jijiyoyi ta kama shi, wadda har yau da sunansa ake kiranta a ƙasar nan, likitoci kuma ba su da maganinta. Ya tsaya a gaban mutum fiye da dubu sittin, jikinsa ya riga ya fara saki, maimakon ya yi kuka da halin da yake ciki sai ya ce yana ganin kansa a matsayin wanda ya fi kowa sa'a a doron ƙasa, ya shiga lissafa abokan aikinsa da iyayensa da matarsa yana gode musu. Ya rasu a Yunin 1941 yana da shekara 37, a nan Bronx. Ni dai ban taɓa kallon hoton wannan jawabi ba tare da na tuna abin da malamanmu suke karantarwa game da godiya a lokacin jarrabawa ba, kuma ina jin daɗi cewa ɗana ya san labarin mutumin da iyayensa suka zo ƙasar nan hannu rabbana kamar yadda muka zo.

Akwai kuma abin da ya shafi launin fatarmu, wanda a nan ba a iya kauce masa. Wasan Taurari na 1933 babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsa, domin an rufe musu ƙofar manyan rukunai tun ƙarni na 19. Sai suka kafa rukunansu, suka kuma ƙirƙiro nasu wasan gwanaye na Gabas da Yamma a wannan shekarar, a wannan fili na Comiskey, wanda a wasu shekarun ya tara 'yan kallo fiye da dubu hamsin. Jackie Robinson ya karya wannan shinge a Afrilun 1947 tare da ƙungiyar Dodgers ta Brooklyn, ranar 5 ga Yulin shekarar kuma Larry Doby ya shiga ƙungiyar Cleveland ya zama baƙi na farko a ɗaya rukunin, ya sha irin zagi da wulaƙancin da Robinson ya sha ba tare da ya sami irin yabonsa ba. A Yulin 1949, a filin Ebbets na Brooklyn, baƙaƙe huɗu suka shiga Wasan Taurari a karon farko: Robinson da Doby da Roy Campanella da Don Newcombe. Zuwa 1971 a Detroit, masu jifan da suka buɗe wasan a ɓangarorin biyu duk baƙaƙe ne, Vida Blue da Dock Ellis, a daren da Reggie Jackson ya buga ƙwallon da ta doki na'urar lantarki a can saman rufin filin. Yaranmu da aka haifa a nan, idan sun fita titi ba wanda ke tambayar su ko Hausawa ne, baƙaƙen Amurka ake ɗaukar su, don haka sanin yadda waɗanda suka riga su suka jure suka buɗe hanya ya zama musu wajibi, kuma ta wannan wasa da yawansu suka fara jin tarihin kafin a koya musu shi a aji.

Ted Williams na Boston ya shiga labarin nan ta hanya biyu. Bature ne, shi ne ya ƙare Wasan Taurari na 1941 da bugun da ya tsallake katanga a turmi na ƙarshe, kuma a Yulin 1966, ranar da ake shigar da shi Zauren Girmamawa na besbol, ya yi amfani da jawabinsa ya nemi a girmama Satchel Paige da Josh Gibson, gwanayen baƙaƙen da aka hana su dama a lokacin ƙuruciyarsu. An shigar da Paige a 1971, Gibson a 1972. A Yulin 1999, daren Wasan Taurari, aka kawo Williams filin Fenway na Boston a ƙaramar mota, yana da shekara 80, idanunsa sun yi rauni. Taurarin wannan zamani, masu dukiya da suna, suka watsar da tsarin biki suka kewaye dattijon suna gaishe shi, ana roƙon su ta lasifika su koma mazauninsu amma suka ƙi motsawa, Tony Gwynn kuma ya tallafe shi har ya jefa ƙwallon buɗe wasa. Ana yawan cewa mutanen ƙasar nan ba su san girman tsofaffi ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma wannan dare yana cikin abin da nake nuna wa yara idan ina yi musu nasiha a kan ladabi.

Ba duk abin da ake tunawa nake yabawa ba. A Wasan Taurari na 1970 a Cincinnati, Pete Rose ya banke mai tsaron gida Ray Fosse a turmi na 12 don ya ci wasan, ya ji masa mummunan rauni a kafaɗa, kuma Fosse bai sake komawa yadda yake ba. Wasu na kiran wannan jarunta, ni kuwa ina ganin lalata sana'ar ɗan'uwa a wasan sada zumunci ba abin alfahari ba ne.

Biyu daga cikin waɗannan darare a gabanmu aka yi su. A Yulin 2008, shekarar ƙarshe ta tsohon filin Yankees, an yi Wasan Taurari a nan unguwarmu, ya kai turmi 15, ya ɗauki awa huɗu da minti hamsin, bai ƙare ba sai bayan ɗaya da rabi na dare. 'Yan'uwanmu direbobin tasi sun kwana suna bin sa a rediyo, domin duk fasinjan da ya shiga mota tambayarsa ta farko ita ce ko an tashi. Na biyu kuwa ya faɗo cikin makon farko na azumin 2013, lokacin da muke kai awa sha shida da ɗoriya ba ci ba sha. Ranar 16 ga Yuli ce, a filin ƙungiyar Mets da ke Queens, wani yankin na New York. Muka sha ruwa ana shirin farawa, muka tafi asham, da muka dawo sai na tarar da yaran a tsaye gaban talabijin, farantan ƙosai da kofunan kunu suna ajiye ba a kwashe ba. Mariano Rivera, mai jifan Yankees, shi ne ya fito a turmi na takwas, ɗan mai kamun kifi daga Panama wanda ya fara wasa da safar hannu ta kwali, yana da shekara 43 kuma ya sanar da cewa a shekarar zai ajiye wasa. 'Yan wasan ɓangarorin biyu suka tsaya a gefe suka bar masa filin shi kaɗai, suna tafa masa tare da dukan 'yan kallo. Ya fitar da mutum uku a jere, aka ba shi kyautar gwarzon wasan. Shi ne kuma mutum na ƙarshe da ya riƙa sanya lamba 42 a rigarsa, lambar Jackie Robinson, wadda aka daina ba kowa tun 1997.

Game da damuwarka a kan tarbiyya, muna da iyakokin da muka gindaya, kuma kusan kowane gida a cikinmu yana bin su. Ana sayar da giya a filin, yawancin naman da ake sayarwa kuma ba mu da tabbacin halaccinsa, don haka yaro ba ya zuwa sai da babba, kuma sai an ci abinci a gida. Kuɗin shiga yana da tsada, shi ya sa zuwa kallo ya zama lada ga wanda ya yi ƙoƙari a makaranta ko ya kai wani matsayi a haddarsa. Islamiyyar Asabar da Lahadi ba a ɗaga ta saboda wasa, idan lokacin salla ya yi kuma a ajiye sanda. Bayan an rushe tsohon filin an mayar da wurin filayen wasan jama'a, inda yaranmu suke buga besbol da la'asar tare da 'ya'yan mutanen Dominika, a kan ƙasar da Gehrig ya tsaya ya yi jawabinsa, da safiyar Lahadi kuma za ka same su a wani filin suna ƙwallon ƙafa suna musu a kan Super Eagles da Black Stars. Idan Allah Ya kawo su gida hutu, ka sa babban ya zana maka filin a ƙasa ya nuna maka zangon huɗun, domin ya fi ni iya bayani. A gaida Inna da sauran 'yan'uwa.