Waya ta hana ki barci? Ki fara da inda take kwana

'Yar'uwa, kin ce kina kwanciya da niyyar leƙa TikTok na minti biyar, sai ki farga ƙarfe biyu ta gota, ki makara sallar Asuba, ki tashi da ciwon kai. Kina tambaya ko ki goge manhajar gaba ɗaya.

A ganina gogewa ba ita ce farko ba, don galibi ba a jimawa ake sake sauke ta. Ki fara da inda wayar ke kwana. Hasken allo da daddare yana iya jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke sa jiki jin barci. Ga kuma bidiyon da ba ya ƙarewa, da kin ja sama wani ya fito. Da gangan aka tsara shi haka.

To ki daina cajin waya a gefen matashi. Bayan Isha'i ki jona ta a falo, ki sayi ɗan agogo mai ƙararrawa saboda tashin Asuba. Wannan ya fi sauran dabarun tasiri.

Sai ki shiga saitin wayar. Android na da Digital Wellbeing, iPhone na da Screen Time, duka tun 2018. Za su nuna miki sa'o'in da kowace manhaja ta cinye, kuma za ki iya sa wa TikTok iyakar minti 30 a rana. Guruf-guruf na biki da na tsofaffin ɗalibai a WhatsApp kuwa, ki kashe musu ƙara. Mai buƙatar gaggawa zai kira ki.

Kwanakin farko za ki yi ta juyi, hannu na laluben waya a ƙarƙashin matashi. Ki daure. In rashin barcin ya ci gaba har makonni, ki ga likita.