Zuwa na ɗaya a firamare ba shi ne tabbacin WAEC ba

'Yar uwa kin ce yaronki kullum shi ke zuwa na ɗaya a firamare, wai ko hakan na nufin WAEC ta zama tuwo. Alaƙa akwai kam, amma ba matsayin ne abin dubawa ba. Ni lissafi nake koyarwa a sakandare, abin da na lura yaron da ya bar aji shida yana karanta Turanci ya gane kuma jadawalin sau ya zauna masa, shi ne yawanci ke kai bantensa a SS3. Na taɓa samun yarinya ta zo da kati duk 90 90, na ce raba 84 gida 7, wallahi sai ta hau ƙirga yatsu, ashe hadda ce kawai aka yi musu. Ga shekara shida tsakani, ga BECE (jarrabawar gama ƙaramar sakandare) a JSS3, ga waya ga abokai, sannan jami'a kiredit biyar take nema har da Turanci da lissafi. Ki samo tsofaffin tambayoyin kwamon entirans na NECO ki ba shi ya yi a gabanki, kar kowa ya sa masa baki.