Yadda za ka saka labari cikin tallanka

Ɗan'uwa, ka ce kana rubuta talla amma ana wucewa ba a karantawa.

Fara da mutum ɗaya da damuwarsa. Misali, mai ɗinki wadda cajin wayarta ke ƙarewa daidai lokacin da mai kaya ke kira. Nuna asarar da ta yi, sannan hajarka ta shigo, a ga yadda aikinta ya daidaita. Ita ce tauraruwar labarin, kai jagora ne kawai. Daga ƙarshe faɗi abu ɗaya da mai karatu zai yi.

Guji yabon kai da ƙirƙiro shaidar abokin ciniki, kuma nemi izini kafin ka sa labarin wani. In tallan ya shafi magani, nuna wa likita da lauya kafin ka wallafa.