Batir mai 100Ah zai ja fanka da ƙwai uku na awa nawa?

Malam, ka ce kana Birni a Damagaram, kana da batir mai volt 12 da 100Ah (Ah shi ne ma'aunin cajin da batir yake ɗauka), kana so ya riƙe fanka mai wat 60 da ƙwan lantarki uku masu wat 10 kowanne in wuta ta ɗauke.

Fara da tara lodin: 60 da 30, wat 90 ke nan. Amfiya kuwa, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya, ana samunta ne in aka raba wat da volt. A wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, mai volt 220, wat 90 bai kai rabin amfiya ba. Amma a ɓangaren batir, 90 a raba da 12 ya ba da amfiya 7 da rabi, inbata kuma, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, yana cin nasa, sai ta kusan 9. Nan mutane suke ƙona waya, don sukan sa siririya tsakanin batir da inbata. Sa mai kauri, gajera, da fis, mai katse wuta in ta yi yawa, kusa da kan batirin.

Batirin yana ɗauke da 12 sau 100, wato 1200Wh (Wh shi ne wat sau awa). In na ruwa ne ko jel, rabi kawai za ka taɓa, 600Wh, domin zuƙe shi ƙarƙaf yana kashe shi da wuri. Cire kusan kashi 15 cikin ɗari na inbata, saura 510. Raba da 90, ka samu awa biyar da rabi da 'yan mintoci, in batirin sabo ne kuma ya cika.

Don Allah kada ka ajiye shi ƙarƙashin rufin kwano a zafin Afrilu da Mayu. Zafi yana ƙafar da ruwansa, ya rage masa kwana.