Amsa: Zubewar gashin gira lokacin maganin sankarar mama

'Yar'uwa, kin tambaya ko gashin gira zai zube idan kin fara karɓar maganin kemo (allurar kashe ƙwayoyin sankara), da kuma ko za ki iya ci gaba da kwalliya. Yana iya zubewa, amma galibi gashin kai ne ke fara tafiya cikin mako 2 zuwa 3 bayan allurar farko, gira da gashin ido kuwa sai daga baya, kuma yawanci suna sake tsirowa bayan an kammala magani. Kwalliya ba laifi, muddin jagira ce mai laushi wadda ke kaɗai kike amfani da ita. Ki ɗauki hoton fuskarki tun yanzu, domin ranar da gashin ya tafi, hoton ne zai nuna miki inda girar take.

Sharaɗin shi ne tsafta, saboda maganin yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Lokacin da nake jinyar yayata, muna zuwa Kano daga ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, mun daina amfani da tandun kwallin da duk matan gida suke tsoma tsinke a ciki, ga shi kuma wani kwallin gargajiya yana ɗauke da dalma, wato ƙarfe mai guba. Zanen gira da allura ki bar shi har sai likitanki ya amince. Abin da bai zo mana a rai ba shi ne gumi: da girar ta zube, sai ya riƙa gangarowa kai tsaye cikin idonta tana bakin murhu, har ta koma ɗaura ƙyalle mai tsafta a ƙarƙashin ɗankwali.