Wasan yaƙin tebur a Yamai: da wanne za a fara, kuma da wane kaya?

Ƙanena, ka ce kuna son fara wasan yaƙin tebur na mayaƙa da dodanni a fadarku, amma akwati ɗaya na Warhammer, sanannen wasan nan na ƴan sojojin roba, da kuɗin kawo shi ya fi ƙarfin aljihu, shi ya sa kake tambayar na ƙananan kamfanoni. To, amfanin ƙananan kamfanonin ke nan: yawancinsu ƙa'ida kawai suke sayarwa, ba ruwansu da inda ka samo sojojinka. Saboda haka kar ka fara da neman ƴan sojojin roba. Fara da ƙa'idar da za ta karɓi abin da ke hannunka.

Shawarata ku fara da Song of Blades and Heroes, wanda Andrea Sfiligoi ya fitar a 2007 a ɗan kamfaninsa Ganesha Games na Italiya. Ana sayen shi PDF a intanet da katin Visa, mutum ɗaya mai jin Ingilishi ya karanta ya taƙaita muku a shafi guda. Kowane ɓangare maki 300 yake da shi na zaɓar mayaƙa, kowane mayaƙi da farashinsa, abin da kan ba da mayaƙa biyar zuwa goma. Fili santimita 90 kowane gefe, ƙwayar lido uku, kuma wasa kan ƙare kafin a sauke shayi na uku.

Kowane mayaƙi lamba biyu gare shi: ta ƙwarewa da ta faɗa. In za ka motsa shi, kai ke zaɓar ƙwaya ɗaya, biyu ko uku za ka jefa. Duk wadda ta kai lambar ƙwarewarsa ta ba shi aiki ɗaya, tafiya ko sara ko harbi, wato mai ƙaramar lamba shi ne gwani. Amma in biyu suka gaza a jifa ɗaya, hannu ya koma wurin abokin karawarka, ko da sauran mutanenka ba su motsa ba. Nan wasan yake gaba ɗaya, kuma nan sababbi ke faɗuwa, don kowa hannunsa na ƙaiƙayin jefa uku. Yi lissafin da kanka. Mayaƙi mai ƙwarewa 3, in ka jefa masa biyu, sau ɗaya cikin tara ne hannu zai kuɓuce maka. In uku ne, sau bakwai cikin 27, wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Mai ƙwarewa 4 kuwa, jifa uku rabi da rabi ne. Ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ƙwace maka hannu. Don haka wanda taku ɗaya kawai kake so ya yi, ba shi ɗaya. Fara da gwanaye, ka bar jifan ganganci sai mutum na ƙarshe, lokacin da ko ya gaza ba abin da ka yi asara.

A faɗa kowa ya jefa ƙwaya ɗaya ya haɗa da lambarsa ta faɗa. Wanda ya ninka abokin gaba ya kashe shi. In rinjaye ne kawai, a duba ƙwayar wanda ya ci: in 2, 4 ko 6 ce, wancan ya faɗi ƙasa, in ba haka ba ya ja da baya. Wanda ke kwance ko da ɗaya aka fi shi ya mutu, kuma duk abokin gaba na ƙari da ya taɓa mutum yana rage masa ɗaya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi a nan: ƙaton dodon da ya cinye sulusin makinka, in ƴan mashi uku suka kewaye shi, ba ya daɗewa a tsaye. Ga kuma shugaba: yana ƙara wa na kusa da shi ƙwarewa, amma ranar da ya mutu sai an gwada zuciyar rundunar, wasu su ranta a na kare. Ajiye shi a bayan sahu.

Ba a awo da mita. Tsinke uku ake yankawa, milimita 75, 120 da 180 in sojojin na milimita 28 ne. Tsinken tsire ya isa. Ka shafa wa kowanne launi daban don kar a yi gardama.

Sojoji kuwa, ku fara da na takarda. Ana samun zanensu a intanet, gaba da baya, a naɗe a tsakiya. Kai wurin masu fotokopi a buga a takardar bristol mai giram 200 zuwa 250. Ta rubutu ta giram 80 lanƙwashewa take yi. Ka tsaya a kan mai bugawa ya sa girma ɗari bisa ɗari, don yawancin fayilolin a ma'aunin takardar Amurka aka tsara su, in na'ura ta daidaita su da A4 sai sojojin su ɗan tsuke, wannan bugu ya bambanta da wancan. Matsala ta biyu fanka ce: sojan takarda ba ya jure iskarta. A kasuwar Katako za ka samu faifan ƙarfen nan mai huji da makanikai ke sawa ƙarƙashin noti, mai faɗin milimita 25, kusan girman dala biyar. Manna kwali a kai ya rufe hujin, ka tsayar da sojan, ka shafa farin gam na kafinta, ka barbaɗa yashi da aka tankaɗe. Nauyin ya isa. Kuma tunda zane ne, ba abin da zai hana rundunarka ta zama ƴan lifidi da ƴan baka maimakon jaruman Turai.

Fili kada ya zama fetal, in ba haka ba maharba ne za su riƙa cinye kowane wasa. Sa abubuwa biyar ko shida da ke tare ido: duwatsu, kango, kurmi. Farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firiji ko talabijin yana yin tsauni mai kyau, amma fentin fesawa da gam mai kamawa nan take duk narkar da shi suke. Sai an fara shafe shi da farin gam da aka sirka da ruwa rabi da rabi, sau biyu, sannan fentin ruwa. Lokacin hunturu fenti kan bushe a buroshi kafin ka kai shi jikin abu. Jiƙa soso a faranti, ka shimfiɗa takarda mai santsi a kai, ka riƙa haɗa launi a nan. In daga baya kun samu sojojin roba, kar a bar su cikin mota ko ƙarƙashin kwano a zafin Afrilu da Mayu, masu da takubba karkacewa suke. Wanda ya karkace a tsoma shi ruwan zafi, a miƙe shi, a tsoma na sanyi.

Wani dattijo in ya ga ƙwayar lido zai ce caca ce. Ku nuna masa ba ko dala a tebur, kuma kar ku bari a sa.

In kun gaji da ƙaramin artabu kuna son sahu-sahu na runduna, sai Hordes of the Things na Wargames Research Group, na 1991: maki 24, ƙwaya ɗaya ke faɗa maka ƙungiya nawa za ka motsa, kuma kowace ƙungiya a kan kwali mai faɗin milimita 60 take, ko 40 in sojojin ƙanana ne. Age of Fantasy na One Page Rules kyauta ne, sai dai cikakkensa tebur yake so mai kusan santimita 180 da 120, wanda ba kowace fada ke da inda za ta aje shi ba.